Kamus da Askin Wata

Akwai wani mai aski da mutanen unguwarsu suka laƙaba wa suna Kamus. Tun kafin mu yi nisa, duk wanda ya ga labarin nan ya yi kama da shi, kar ya biyo ni da ƙorafi. Ni rubutu na yi, ban nuna kowa da yatsa ba.

Shagon Kamus ɗan ƙarami ne a bakin titi. Kujera mai juyawa guda ɗaya, bencin masu jira, babban madubi da ya tsage ta gefe, sai ƙwan lantarki da ke reto a sama. Amma a wannan ɗan tsukin babu matsalar duniya da ba a warwarewa.

In ka tambaye shi tarihi, zai ba ka labarin yaƙin mutanen zamanin da, kamar shi ya riƙe wa sarkin takalmi. In zancen manyan masu zane ne, zai ce ai dukkansu daga gyaran fuska suka fara. Kimiyya kuwa ruwan sha ce. Ko mas'alar addini, in ya waiga bai hango Liman a layi ba, sai ya ɗan taɓa.

Kalma ɗaya ce ba ta taɓa fita daga bakinsa ba: ban sani ba.

Yakan bugi ƙirji ya ce, "Shekara da shekaru ina magana a shagon nan. Waye ya taɓa musa mini?"

Gaskiyarsa, babu. Abin da bai lura da shi ba, duk lokacin da yake zuba, reza tana kan maƙogwaron mai sauraro. Wa zai yi gardama da mutumin da ya ɗora masa reza a wuya? "Haka ne," kawai ake cewa, shi ma a hankali, don kar maƙoshi ya motsa.

Mutum ɗaya ce take yarda da shi tsakani da Allah, babu reza babu tsoro. Auta ce, ƙaramar 'yarsa, 'yar aji uku. Kullum da yamma tana bakin ƙofa tana jiransa, ta karɓi jakarsa, kafin ya cire takalmi ta jefo tambayar da ta yini da ita. Me ya sa tururuwa take bin layi? Waye ya fara yin rubutu? Kifi yana barci? Shi kuma ya gyara zama ya yanko amsa. A duk yininsa babu abin da yake so irin wannan lokacin.

Wata rana da yamma ta nuna masa sama.

"Baba, me ya sa wata yake raguwa? Kwanakin baya a cike yake."

Kamus ya ɗaga kai. A gaskiya bai taɓa tunanin abin ba. Amma idanun yarinyar suna kansa, don haka ya yi gyaran murya.

"Aski ake yi masa."

"Aski?"

"Ƙwarai. Da ya cika sai a fara rage shi ta gefe, kaɗan-kaɗan, har a yi masa ƙwal-kwabo. Daga nan ya sake tsirowa, kamar kan kowa."

"Waye yake yi masa?"

"Wani babba ne a sana'armu. Ba ki san shi ba."

Matarsa tana gefe tana ninke wanki. Ta ce, "Baban Auta, ka ji tsoron Allah. Yarinyar nan duk abin da ya fito daga bakinka hadda take yi."

"Ke kina da amsar da ta fi wannan?"

"Ba ni da ita. Shi ya sa na yi shiru."

Bai saurare ta ba.

Ba a jima ba ya dawo gida wata rana ya tarar da bakin ƙofa wayam. Da kansa ya shigo da jakarsa. Ya sami Auta a ɗaki ta haɗa kai da gwiwa.

"Yau babu tambaya?"

"Babu, Baba."

Gobe ma babu. Jibi ma haka. Sai matarsa ta ja shi gefe ta gaya masa. Malamarsu ce ta tambayi aji dalilin raguwar wata. Auta ta riga kowa ɗaga hannu, ta miƙe ta zayyana amsar babanta da ƙarfinta, har da babban da ke sana'arsu. Aji ya kwashe da dariya. Tun daga ranar yara suke kiranta 'yar mai askin wata. Har da mai cewa ta roƙi babanta ya yi wa rana gyaran fuska.

Kamus ya ji abin ya soke shi, amma sai ya juya shi zuwa fushi.

"Malaman zamani ke nan. Ba su san hikima ba. Misali na yi mata, misali."

"Ka gaya mata misali ne?"

Ya ɗauki buta ya fita.

Washegari ya kai ƙara wurin tsohon amininsa Direba, wanda ya daina tuƙi, sanƙo ya cinye masa rabin kai, amma bai fasa zuwa a gyara sauran ba. Kamus yana kankare masa gemu yana zuba.

"Ka ji fa. Ni za a mayar abin dariya a gaban yara. Ni da kai kanka ka san ban taɓa faɗar abin da ba haka ba."

"Haka ne," in ji Direba, a hankali.

Sai da aka gama, aka shafa masa hoda, aka cire tawul. Direba ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, ya tabbatar ƙafarsa ɗaya tana waje. Sannan ya juyo.

"Kamus, yanzu da wuyana ya dawo hannuna, bari in gaya maka. Rabin abin da kake faɗa a shagon nan, ko akuya ba za ta yarda ba."

"Kai da kullum kake cewa haka ne?"

"Ina da iyali, ɗan'uwa. Ka taɓa ganin wanda ya musa wa mai reza? Mu manya ne, mu ji mu karkaɗe kunne mu tafi. Ita yarinyar a kai ta ɗauka ta kai kasuwa."

"Fita mini daga shago."

"Ai na riga na fita."

Wanzami dama ba ya son jarfa. Ranar Kamus ya yini yana aski baki a rufe, har wani ya tambaye shi ko haƙori ke damunsa.

Abin da ya ƙarasa karya shi a gida ya same shi. Malama ta aiko wa matarsa cewa Auta ta koma bencin baya. Ba ta ɗaga hannu ko a abin da ta sani, kuma ta daina tambayar komai. Yarinyar da a da sai an ce ta bari wasu su yi magana.

Da safe Kamus bai buɗe shago ba. Ya sa rigarsa ta fita kunya ya nufi makaranta, a hanya yana shirya jawabin da zai wanke Malama tas. Ya same ta lokacin hutun tara, ta ba shi ɗan bencin yara, ya zauna gwiwoyinsa suna neman taɓa haɓarsa.

"Sannu da zuwa, Baban Auta. Ni ma na so ganinku. Na yi kuskure da na bar yaran suka yi mata dariya. Amma ku, me kuka sani game da watan?"

Jawabi ya taso masa har maƙoshi. Sai idonsa ya faɗa ta taga. Yara suna ta guje-guje a fili, Auta tana jingine da bango ita kaɗai, hannayenta a baya.

Ya haɗiye jawabin. Abin da ya fito a madadinsa da ƙyar ya fito, kamar ana cire ƙaya.

"Ban sani ba, Malama."

Rufin aji bai faɗo ba. Malama ma ba ta yi dariya ba. Ta jawo ƙwallo daga ƙarƙashin tebur ta yi masa bayani: wata ba shi da hasken kansa, na rana yake mayarwa.

"Kamar madubi?"

"Kusan haka. Kullum rabinsa da ke kallon rana a haske yake. Yana zagaya mu, mu kuma muna ganin rabin nan ta fuska daban-daban. An fi ganewa in an sami ɗaki mai duhu da fitila ɗaya, mutum ya riƙe ƙwallo yana juyawa a hankali. Matsalar, yara in suna juyawa jiri suke yi su faɗi."

Kamus ya miƙe har benci ya kife.

"Malama, ara mini ƙwallon nan."

Da aka tashi daga makaranta ya kamo hannun Auta zuwa shago. Ya rufe ƙofa, ya toshe taga da tawul, ya sauko da ƙwan lantarki daidai tsayin kai. Ya ɗora ta a kujerar aski, ya durƙusa a gabanta.

"Auta, maganar askin wata, ƙirƙira na yi. Ban sani ba ne, na ji kunyar faɗa. Ki yafe wa babanki."

Ta dube shi. "Akwai abin da ba ka sani ba?"

"Da yawa. Amma kar ki gaya wa Direba."

Ya miƙa mata ƙwallo ya ce ta riƙe a gabanta, sama da kai kaɗan. "Ƙwan nan shi ne rana. Kanki duniya. Ƙwallo wata. Me kika gani?"

Tana fuskantar fitilar. "Baƙi ne."

Ya tura kujerar a hankali. Wani siririn haske kamar yankan farce ya bayyana a gefen ƙwallon.

"Jinjirin wata." Muryarta ta yi ƙasa. "Baba, ƙara."

Ya ƙara. Haske ya kai rabi. Da ta juya wa fitila baya, ƙwallo ya cika fal. Ya ci gaba da turawa, hasken ya soma raguwa ta ɗaya gefen har ya ɓace.

"Babu wanda ya taɓa shi," in ji ta. "Yana nan yadda yake."

"Ko gashi ɗaya ba a cire masa ba."

"Sake juya ni."

Ya juya ta har hannunsa ya gaji.

Labari ya kai kunnen Malama, ta roƙi a bar ta ta kawo 'yan ajin. Suka yi layi a ƙofar shago. Auta ce ke riƙe da ƙwallo tana zaɓar wanda zai hau, kuma wanda ya ce a yi wa rana gyaran fuska shi ta bari na ƙarshe.

Tun daga nan tambayoyi suka dawo, sai dai hanyar amsa ta canza. Tambayar launi, su tafi wurin mai fentin alluna a ƙarshen layi. Ta addini, su jira Liman. Ta zamanin da, su je wurin kakarta, in ta ƙure su koma wa Malama da littattafanta.

Wata rana Auta ta kawo wa babanta abinci, ta tarar da Direba a kujera. Ta tsaya tana kallon tsakiyar kansa.

"Baba, in ana cire wa mutum gashi ɗaya-ɗaya, a gashi na nawa ne zai zama mai sanƙo?"

Kamus ya ɗaga reza daga wuyan Direba, ya dubi sanƙon, ya dubi 'yarsa.

"Ban sani ba."

"Alhamdulillahi," in ji Direba. "Na ga wannan rana da raina."

"Kai rufe mana baki. Duk garin nan nemo mini wanda ya kai ni iya cewa bai sani ba." Ya juya wurin Auta. "Ajiye kwanon. In na gama da wannan tsohon, mu je mu ɗaure Malama da tambayar nan."

Darasi: Shirun mutane ba yarda ba ne, kuma amsar da ka ƙirƙira don kare girmanka, wanda ya fi yarda da kai shi zai sha kunyarta. Cewa "ban sani ba, zo mu tambaya" ba ta rage wa babba komai. Na san halinku, ni in sha wahalar rubutu ku kuma ku yi dariya ku wuce ko sannu babu. Wannan karon ku tura wa iyaye da malamai, kuma ku fara da Kamus ɗin gidanku.