Ɗan Majalisar da Ya Aiko da Jawabi

Akwai wani mutum a ƙasar Amurka, a zamanin da ake sayar da bayi, wanda mutanen garinsa suka zaɓa ya wakilce su a majalisa. Dattijon ikilisiya ne, wato babba a coci. In zai yi magana sai ya gyara murya sau biyu, ya dafa ƙirji, ya kalli sama kamar a jikin rufi aka rubuta masa, sannan ya ja, "Ya ku jama'ata, ƙaunatattuna..."

A garin nan akwai wani maƙeri baƙar fata mai suna Obadiya. Ɗa ne, ba wanda ya taɓa mallakarsa. Shekara goma sha biyu shi yake gyara wa dattijon keken dokinsa. Wata rana aiki ya kai Obadiya babban birni, inda majalisar take, aka kama shi aka sa a kurkuku, wai bawa ne da ya gudu. Aka ce in kwana talatin suka cika babu wani mai mutunci da ya zo ya shaida ya san shi, za a sayar da shi.

Matarsa Lidiya ta rubuta wa dattijon, tana roƙonsa ya taka zuwa kurkukun ya ce, "Na san shi." Iyakar abin da ta roƙa ke nan.

To, a gidan da dattijon yake sauka, tare yake cin abinci da 'yan majalisa masu bayi, ba ya so su juya masa baya. A majalisar kuwa an yarda mutum ya rubuta jawabi a buga masa, ko da bai tashi ya furta ba. Sai ya zauna ya zuba shafi ashirin a kan muguntar bauta, da Fir'auna da Musa duk a ciki, ya aika gida. Mutane suka karanta har da hawaye.

Da ya dawo, aka taru a coci domin a yi masa godiya. Ya gyara murya, ya dafa ƙirji. Kafin ya kai ga "ƙaunatattuna", Lidiya ta miƙe.

"Ranka ya daɗe, na je birnin. Daga ƙofar majalisa zuwa kurkukun na taka da ƙafata, ko gumi ban yi ba."

Dattijon ya ce, "'Yata, ai na ambaci mijinki a shafi na tara."

Ta ce, "Na gani. An sayar da shi ranar Talata."

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa, kada kuma kowa ya waiga ya kalli na kusa da shi. Ɗan majalisar nan mu ne. Kurkukun shi ne gidan maƙwabcin da aka zalunta muna gani. Jawabin kuwa shi ne doguwar addu'ar nan tamu mai rawar murya, da "Allah ya kawo sauƙi" da muke jefa wa mutum muna saurin wucewa, don kada manya su gan mu tare da shi. Abin kunya! Ubangiji bai hana mu addu'a ba, amma ya ba mu ƙafafu. A ranar shari'a ba zai tambayi shafi nawa muka rubuta ba. Zai ce, "Ina kulle, ka san ni. Ka zo?"