Kwana Goma Ba Ƙasa Ba Ruwa

Akwai wani mutum mai lambu a bakin rafi. Tun yana saurayi yake noman alayyafo da tumatir da albasa, har gemunsa ya yi fari. A wurinsa kowace cutar shuka maganinta ruwa ne. In ganye ya yi laushi, a ba shi ruwa. In ya yi ja, a ƙara masa. Mutumin kirki ne ƙwarai, sai dai ba ya iya ganin busasshiyar ƙasa ya wuce ta.

Yana da yaya mace, gwauruwa, gidanta na jikin nasa. Ita sha'awarta daban ce. Tsakar gidanta cike yake da fasassun tukwane da tsofaffin kwanoni, ta shuka kyarana da tinya da zabuwa da wasu ƙanana masu ƙaya, irin shuke-shuken nan da suke ajiye ruwa a jikinsu. Maƙwabta suna kiranta mai lambun ƙaya, tana amsawa da dariya.

Ƙanen yakan ce, "Yaya, wane irin noma ne wannan, ko miya ba a yi da shi?"

Ita kuwa takan ce, "Auta, kai ka ciyar da cikinmu, ni in ciyar da idonmu." Auta take ce masa har yau, da furfurarsa da jikokinsa.

A cikin shukokin duka akwai ɗaya da ta fi ƙauna, wato kariya, ɗan itacen nan mai kumburarren gindi da jajayen furanni. Asalinta daga ƙofar gidan mahaifinsu ne, a tsohon ƙauyensu na kan dutse. Ranar da suka sauko, ta karyo reshe ɗaya ta taho da shi. Daga baya gobarar daji ta cinye uwar, wannan kaɗai ta rage. Duk rani in ta yi fure, su biyun sukan zauna kusa da ita suna hirar Baba.

Ana nan sai 'yar yayar tasa ta haihu a wani gari mai nisa, ta shirya tafiya wata biyu. Ta ce wa ƙanenta, "Sauran za su kula da kansu. Wannan kuwa, ka sa ido kada awaki su ture ta. Kada ka ba ta ruwa sai ƙasar ta bushe ƙayau."

Ya ce ya ji. Amma da damina ta ɗauke, sai kariyar ta fara zubar da ganye, kamar yadda take yi kowace shekara. Shi bai taɓa lura ba, furen kawai yake kallo. Hankalinsa ya tashi. Ya shiga ba ta ruwa safe da yamma, ya zuba mata takin shanu. Da ya ga ruwan yana zurarewa ta ramin gindin tukunyar, sai ya kwaɓa laka ya toshe ramin, yana jin ya yi dabara. Kafin wata biyu su cika, gindin kariyar ya yi laushi kamar ruɓaɓɓiyar gwanda, har yana wari.

Ranar da yayar ta dawo, bakinta cike da labarin jika, ta tarar da shi a ƙofa, hula a hannu. Ya ce, "Yaya, na kashe kariyar Baba."

Ta je ta danna gindin da yatsa, yatsan ya nutse. Hawaye ya zubo mata. Sa'an nan ta bi rassan ɗaya bayan ɗaya tana matsawa, har ta sami guda mai tauri. Ta ce, "Kawo mini wuƙa da toka."

Ta yanke reshen, ta ga baƙi a ciki. Ta ƙara yankewa sama, da sauran baƙi. Sai a na uku ta ga fari fes. Abin da ya rage bai fi tsawon tafin hannu ba. Ta shafa wa bakin yankan toka, ta ɗora reshen a kan katakon rumfa cikin inuwa, ta wanke hannu sosai, gama ruwan kariya dafi ne.

Ya ce, "Ba za ki dasa ba?"

Ta ce, "Sai bayan kwana goma. In aka sa ɗanyen ciwo a ƙasa, ruɓewa zai sake yi."

Waɗannan kwanaki sun yi wa mutumin nan tsawo. Kullum sai ya leƙo ya ga reshen yana kwance ba ƙasa ba ruwa, fatarsa tana ɗan tattarewa, ya ce a ransa an yar da shi ne kawai. A rana ta huɗu ya shigo a hankali, hannu ɗaya cikin riga. Yayar tana tsince wake, ko kai ba ta ɗaga ba, ta ce, "Auta, mene ne yake ɗiga daga rigarka?" Ya fito da buta. Ta yi dariya har waken ya zube, shi ma dole ya dara.

A rana ta goma bakin yankan ya bushe ya yi tauri. Ta dasa reshen cikin yashi da tsakuwa da gawayi, a tukunya mai rami. Bayan mako guda ta miƙa wa ƙanen ludayi, ta ce, "Ɗaya tak." Ya zuba, yana duban ludayin da raini.

Ranin nan reshen bai yi fure ba. Da damina ya fitar da ganye. Da wani ranin ya zagayo, ganyen ya sake zubewa. Mutumin ya dubi buta, ya dubi kariya, sai ya sa hannuwansa a aljihu ya wuce. Ana tsakiyar zafi, rafi ya janye, wata safiya sai maƙwabta suka ga dattijon nan yana gudu ba takalmi yana kiran Yaya. Furanni bakwai ne suka buɗe a kan ɗan sandan nan marar ganye. Suka zauna a gabansa, suna dariya suna share ido, suna hirar Baba har rana ta take.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Reshen nan mu ne. Wani lokaci Ubangiji yakan yanke abin da ya ruɓe a rayuwarmu, ya ajiye mu gefe. Mu yi addu'a mu ji shiru, mu ga kowa yana tsiro mu muna kan katako. Sai mu ce ya manta da mu. Bai manta ba. Ciwon yake jira ya warke, domin in ya dasa mu kada mu sake ruɓewa. Shi ne ya zaɓi inuwar, shi ne kuma yake ƙirga kwanakin.

Mai lambun kuma mu ne, ni ma a ciki. Muna ƙauna, amma da buta ɗaya muke bin kowa. Wanda yake makoki mu cika shi da surutu, ɗan da ya yi kuskure mu bi shi da wa'azi safe da yamma har ya gaji da mu. Ba mugunta ba ce, rashin tambayar Mai shukar ne.

Saboda haka, in kai ne a kan katako yau, ka yi murna, hannun da ya ajiye ka zai dawo ya ɗauke ka. In kuwa kai ne mai buta a cikin riga, Allah yana ganin ɗigon. Ajiye ta, ka zauna kusa da ɗan'uwanka, ku jira furen tare.