Wanda Ya Kashe Sunan Baba Ernest da Marfin Kwalba

An yi wani mutum a nan unguwar Television, ya 'yan uwa, mai rumfar goge motoci. Ba zan faɗi sunansa ba, 'ya'yansa suna nan da rai. Allah ya ba shi hannu. In aka karce maka mota, sai ya zuba ruwa a wurin. In kartar ta ɓace a jiƙe, ya ce a sama take, ya shafa man goge fenti, ya murza da tsumma mai laushi har ƙyalli ya dawo.

Amma aiki ba kullum yake zuwa ba, shi kuwa ba shi da haƙuri. Sai ya fara shiga majami'a ranar Lahadi da marfin kwalba a aljihu. Ana tsakiyar sujada ya fito kamar zai zagaya, ya bi ta gefen motoci yana jan marfin a jikinsu a hankali. Ya san iya zurfin da mansa ke gogewa, ba ya wuce nan. Ranar Litinin motoci sun yi layi a rumfarsa.

Mai gadin majami'ar wani dattijo ne, Baba Ernest, tsohon ma'aikacin masaƙa. Duk wanda ya fito yana kukan an karce masa mota, sai Baba ya ce, "Yi haƙuri, Oga. Kai wa ɗan'uwanmu na Television, yana da iyali." Taimako yake yi, bai san kome ba.

Da abin ya yi yawa, dattawan ikkilisiya suka zauna. Wa ke tsaye wurin motoci? Baba. Wa ke tura mutane rumfar? Baba. Suka kira mutumin nan suka tambaye shi ko akwai wani shiri tsakaninsu.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni dai motoci ake kawo mini. Abin da Baba ke yi a bakin get, ban sani ba."

Aka sallami Baba, aka hana shi jibin Ubangiji, aka karanta sunansa a gaban jama'a. Shekara ashirin da biyu yana buɗe wannan ƙofa. Kun san abin da mutumin nan ya ƙara? Ya ajiye marfin kwalba wata biyu cur, don kowa ya ce tun da Baba ya tafi aka samu lafiya. Haka kuwa aka ce. Ni wannan ya fi ci mini rai.

Sai hannu ya sake yi masa ƙaiƙayi. A wani biki a unguwar Trikania ya ja marfin a jikin wata mota mai baƙin gilashi, bai san Madam Debby, mai motar, tana zaune a ciki da waya a hannu ba. Kafin a gama raba shinkafa, hoton da ta ɗauke shi ya shiga kowace waya a unguwa. Matasa suka rushe rumfarsa. Matarsa ta kwashe yara ta koma garinsu Zonkwa. Yau ko keke ba mai ba shi ya goge.

Dattawa suka ɗauke shi zuwa gidan Baba a Nasarawa don ya roƙi gafara. Suka tarar da Baba a kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace. Mutumin ya durƙusa yana kuka yana faɗin abin da ya yi. Baba yana kallon rufi. 'Yarsa Lizzy ta ce, "Ku tashi, tun makon jiya ba ya gane kowa." Bayan kwana huɗu aka binne shi, bai taɓa jin cewa an wanke shi ba.

Ya 'yan uwa, zaluncin motoci zunubi ne, amma shaidar zur ce ta hallaka mutumin nan. An ba shi zarafi sau ɗaya ya ce "ni ne", ya zaɓi ya bar tsoho ya ɗauki kayansa. Wa ke ɗauke da laifinka yau, kai kana zaune a nan kana waƙa? Je ka same shi tun kunnensa yana ji.

Allah ya kiyaye mu da jingina wa marar laifi laifinmu, ya ba mu bakin tuba tun da sauran lokaci. Amin.