Motar da Aka Ɓoye a Bayan Rumbu

Akwai wani mutum manomi, wanda yakan taɓa gyaran jikin mota da rani. Yana da shanun huɗa guda biyu. Su ne ƙarfin gonarsa, da su kuma yake ci da gidansa.

Wata rana ya shiga birni neman ƙarfen da zai gyara garmarsa. Ya je wurin 'yan gwangwan, inda ake yanka matattun motoci, a ɗora a sikeli, a sayar da kilo. Can ƙarshen filin sai ya hangi tsofaffin motoci biyu iri ɗaya, masu dogon hanci da zagayayyun fitilu, irin waɗanda aka daina ƙerawa tun kakanninmu suna samari. An riga an zana musu alli a ƙofa, alamar jibi za a yanka su. Murna ta kama shi, gama ya sha jin cewa akwai masu neman irin waɗannan motoci ido rufe, suna kuwa biya da kyau.

Bai ko sayi ƙarfen garmar ba. Ya koma gida da sauri, ya kai shanunsa kasuwa ya sayar, ya fanshi motocin, ya ɗauki janwe ta jawo su har ƙofar gidansa. Yana tafe a gaba yana ta ɗaga wa mutane hannu, baki har kunne, sai ka ce amarya ya kawo.

Matarsa ta fito, ta dubi motocin, ta dube shi. Ta ce, "Baban Tabita, shanunmu ka sayar ka sayo mana gidan ɓeraye? Damina fa saura wata biyu. Da me za mu yi huɗa?"

Ya ce, "Ke dai zuba ido, Maman Tabita. Kafin ruwa ya sauka, shanu za su dawo."

To, a wurin masu sana'arsa akwai abin da kowa ya sani: ba a nuna wa mai saye mota sai an yi mata wanka. Ba wankan ruwa da sabulu ba. A cike ramuka, a rufe tsatsa, a fesa fenti, ta fito tana ƙyalli. Haka ya koya, haka ya ga ana yi, bai kuwa taɓa tambayar dalili ba.

Sai ya zage damtse a kan mota ta fari. Duk inda tsatsa ta ci, ya kwaɓa fila, wato wannan ƙullu da masu gyaran mota suke cike rami da shi, ya shafe wurin sumul. Ya yage tsohuwar fatar kujeru ya sa sabuwar leda mai sheƙi. A ƙarƙashin murfin inji ya tarar da wani ɗan farantin ƙarfe, bai kai tafin hannu ba, da sunan maƙerin motar da lambarta a jiki. Ya yi baƙi, ya yi tsatsa. Mutumin ya ce a ransa, "Wannan zai ɓata mini aiki." Ya lafta masa fila, ya bi da fenti. Mako shida yana wannan fama. Da ya gama, motar ta fito ja wur, har maƙwabta suna zuwa duba fuskarsu a jikinta.

Ta biyun fa? Fenti ya ƙare, lokaci ma ya ƙare. Tana nan yadda ta zo, fentinta ya koɗe, gilashi ɗaya a tsage, kaji sun mai da kujerar baya wurin saka ƙwai. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, maƙwabta sun fara gyaran gonaki, shi kuwa garkensa wayam.

Ana nan sai labari ya zo cewa wani dattijo mai tara tsofaffin motoci zai zo dubawa. Kunya ta kama mutumin saboda mota ta biyu. Suka tura ta bayan rumbu shi da matarsa, suka rufe ta da zana.

Dattijon ya iso da hantsi. Mutumin ya tarye shi da rawar jiki, ya kai shi gaban jar motar, ya tsaya yana jiran yabo. Dattijon ya sa hannu a aljihu ya fito da ɗan mayen ƙarfe, ya manna a ƙofa. Mayen ƙarfen ya faɗi ƙasa. Ya ɗauka ya manna a gefe, ya sake faɗuwa, gama mayen ƙarfe ba ya kama fila, sai ƙarfe na gaske. Ya ɗaga murfin inji, ya shafa wurin da farantin ya kamata ya kasance, ya ji sumul.

Ya ce, "Ɗana, ina sunan wanda ya ƙera ta?"

Mutumin ya ce, "Baba, ai ya yi tsatsa, na rufe shi."

Dattijon ya girgiza kai. Ya ce, "To, ban san abin da ke ƙarƙashin wannan fenti ba. Ba na sayen abin da aka ɓoye mini." Ya juya zai tafi.

Mutumin ya tuna da shanunsa, ya dubi hadarin gabas, ya kasa duban matarsa. Suna cikin haka sai wata kaza ta fito daga ƙarƙashin zana tana kyarkyara, zanar ta zame, fitila ɗaya ta leƙo.

Dattijon ya tsaya cak. Ya ce, "Mene ne wancan?"

Mutumin ya ce, "Ba kome, Baba. Wata ruɓaɓɓiya ce, ban samu na gyara ta ba. Ba ta isa a nuna maka ba."

Kafin ya rufe baki, dattijon ya riga ya isa bayan rumbu, da saurin da ba a zaci tsoho yana da shi ba. Ya yaye zanar da hannunsa. Ya manna mayen ƙarfe a ƙofa, ya kama ƙam! A gefe, ya kama! A baya, ya kama! Ya ɗaga murfin inji, ya tofa ɗan yawu a babban yatsa ya murza farantin, sai ga sunan maƙerin ya fito, ga lamba ɗaya bayan ɗaya. Dattijon ya fashe da dariya, ya tafa hannu. Ya ce, "Ita ce! Ita ce da kanta! Dubi fatar kujerun nan, ta asali ce! Dubi tsatsar nan, a fili take, na san iyakarta! Shekara nawa ina neman wannan!"

Mutumin ya ce, "Amma Baba, ba a gyara ta ba."

Dattijon ya ce, "Gyara aikina ne. Na san yadda maƙerinta ya yi ta. Kai dai ka ba ni ita yadda take."

Kuɗin da ya biya ya sayi shanun huɗa biyu, har da na uku. Matar ta rangaɗa guɗa har kajin suka watse. Da dattijon zai tafi, ya waiwayi jar motar ya ce, "Wannan ma ba a yar da ita ba. Ka kankare abin da ka shafa, ka fito mini da sunan. Zan dawo." Aka yi ruwan fari a makon nan, mutumin ya yi huɗarsa. Da yamma kuma in ya dawo daga gona, sai ya zauna da wuƙa yana kankare aikinsa na mako shida, yana waƙa.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa, mu ne motocin nan. Filin 'yan gwangwan shi ne inda zunubi ya jefar da mu, an riga an zana mana alli. Ɗan farantin nan shi ne sunan Mahaliccinmu, wanda ya yi mu cikin kamanninsa. Tsatsa takan rufe sunan, amma ba ta iya share shi. Darajarmu daga sunan nan take, ba daga ƙyallinmu ba. Dattijon kuwa shi ne Ubangiji Yesu, wanda yake nemanmu da murna, ya kuma biya tamani mai tsada.

Fila da fenti fa? Kada ku dubi na kusa da ku, ni da ku ne! Mun iya wanka ranar Lahadi. A yi faɗa a gida tun daga ɗaki har ƙofar majami'a, ana shiga kuma sai murmushi da "Salama, ɗan'uwa." A tambaye ka lafiya, ka ce lafiya lau, alhali ciki ya ruɓe. Ni kaina na yi shekaru ina kwaɓa fila, na san nauyinta. Mutane za su yaba, har su duba fuskarsu a jikinka. Amma Ubangiji yana zuwa da mayen ƙarfensa, ba ya kuwa kama fenti.

Akwai kuma wanda ya tura kansa bayan rumbu. Yana cewa, "Bari in daina sha tukuna, bari in shirya da matata tukuna, sa'an nan in zo." Ɗan'uwana, wa ya ce maka gyara aikinka ne? Kai ne ake nema, da tsagaggen gilashinka, da kajinka duka! Abin da ka ɓoye don kunya, shi ne zai sa Ubangiji ya tafa hannu don murna, in ka bari ya yaye zanar.

Kai kuma da ka riga ka sha fenti, ba a yar da kai ba. Tuba ita ce wuƙar kankara. Akwai zafi mutum ya kankare abin da ya daɗe yana shafawa, amma sunan yana nan a ƙasa, mai saye kuma ya ce zai dawo. Ka ɗauki wuƙar yau, ka fara daga wurin da ka fi lafta fila.