Carbin Malam Barmo

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, Kaka!

An yi wani dattijo, Malam Barmo, a zamanin da garinmu ke shan rijiya ɗaya. Ku 'yan famfo ba ku san daɗin ruwan nan ba! Yana da wani dogon carbi, gadon mahaifinsa. Kullum yana gindin tsamiya yana ja, ko gaisuwa sai da ka yake amsawa.

Ran nan kowa ya tafi cin kasuwa, sai ga Akuya a guje.

"Malam, ɗana ya faɗa rijiya!"

Ya ce, "Bari in idar da wuridi."

Ta je ta dawo. "Malam, ruwa ya kai masa wuya!"

"Bari in idar da wuridi."

Ta je ta dawo. "Malam, muryarsa ta fara dushewa. Wuridinka zai jira ka, ɗana ba zai jira ba."

Malam ya miƙe, ya nufi rijiya. Ya zura guga, igiya ba ta kai ba, don rani ya ja ruwa ƙasa. Ya kwance rawaninsa ya ƙara, ba ta kai ba. Ya dubi carbin ubansa, ya daɗe yana dubansa. Sai ya ɗaura shi a bakin gugan, ya zura.

Ɗan akuya ya shige guga. Malam ya ja, ya ja, ya ja. Yana cafke ƙafar ɗan akuyan, sai carbi ya tsinke, ƙwayoyin suka zube cikin rijiya kaf.

Malam ya zauna ya yi kuka, don abin da ya rage masa na ubansa ke nan.

Washegari wata mata ta ja ruwa, sai ga ƙwayar carbi a guganta. Akuya ta ba ta labari. Matar ta ce, "Allah ya saka wa Malam Barmo da alheri." Daga nan duk wanda ya tsinci ƙwaya sai ya yi masa addu'a. Har kakata ta tsinci ɗaya, Malam ya daɗe da rasuwa, ta ce, "Allah ya jiƙansa."

To kun ji, jikokina. Salla biyar ba a wasa da ita, amma nafila tana iya jiran mai neman agaji. A da shi kaɗai yake jan carbinsa, da ya tsinke sai gari duka ya riƙa ja masa.

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera! Maza a je a kwanta.