Hudar Hancin Tasalla da Jatau

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To, ta zo. Mai surutu ya tashi tun yanzu, ni ba na maimaita magana.

A wani gari an yi wata tsohuwa, Iya Hajo, da jikarta Tasalla. Ba su da komai sai ɗan bijimi guda ja, suna kiransa Jatau. Tasalla ce ta raine shi da ruwan dusa tun da uwarsa ta mutu. Rijiyar garin kuwa da nisa, ga Iya da ciwon baya, tulu kuma ya fi ƙarfin wuyan yarinya.

Ran nan Iya ta ce, "Jatau ya isa aiki. A huda masa hanci ya zama takarkari, ya riƙa ɗauko mana ruwa. Ba ni da abin ciyar da ƙato yana zaune."

Sai aka kira Baffa Sambo, wani tsohon makiyayi mai hudar shanu. Ya zo da basilla da igiyar auduga mai laushi. Jatau ya ga basilla, sai ya ja da baya.

Ya ce, "Tasalla, kada ki bari."

Ta ce, "Kai da ƙaho biyu kake tsoron ɗan ƙarfe?"

Ya ce, "Ai ba hancinki ba ne."

Tasalla ta dubi basillar, ta dubi Jatau. Can ta ce, "Baffa, fara da ni. Inda za ka huda masa, nan za ka huda mini."

Iya ta ce, "Ke, kanki ɗaya? 'Yan mata a gefe ake huda musu. Tsakiya ta shanu ce."

Ta ce, "Iya, in bai ga an yi mini ba, ba zai tsaya ba."

Sai Baffa ya gasa allura a wuta, ya bari ta huce. Ya lalubi wuri mai taushi tsakanin ƙofofin hancinta, ya soka, ya zura zare ya ƙulle. Hawaye suka zubo mata, amma ba ta motsa ba, ba ta yi kuka ba. Jatau ya gani, kunya ta kama shi. Sai ya durƙusa da kansa, aka huda, aka zura masa igiya.

Baffa ya ce, "Ku saurara, ku biyun. Safe da yamma a wanke da ruwan gishiri mai ɗumi, a shafa man kaɗanya. Ba susa, ba canza zare ko igiya, ba ja, sai watan nan ya mutu wani ya tsaya. Iya, in hancin bijimin nan ya yage, ba ya sake riƙe igiya. Sai dai ki kira mahauta."

Ashe Dila na bayan danga yana ji. Shi kuwa duk ran da aka yanka sa a garin, shi ke kwashe abin da mahauta suka zubar. Ya lashe baki ya tafi.

Kwana uku, hanci ya fara ƙaiƙayi. Dila ya sami Jatau a turke.

Ya ce, "Sannu, babban yaya. Na ga kana murza fuska. Ga kututture kusa da kai, goga mana."

Jatau ya ce, "An hana."

Dila ya ce, "Wanda ya hana, shi ke jin ƙaiƙayin?"

Sai Jatau ya goga, ya ƙara gogawa, har jini ya zubo. Tasalla ta zo da kaskon ruwan gishiri, ta gani.

Ta ce, "Haba, Jatau! Ni nawa ba ya ƙaiƙayi? Zama nake a kan hannuwana."

Ta wanke masa, yana huci tana ba shi haƙuri. Ta shafa mai, ta mirgine kututturen nesa.

Kwana bakwai, Tasalla ta fita. 'Yan matan gari suka ga zare a tsakiyar hancinta, suka sa dariya, suna cewa, "Ga takarkari, ina mangalarki?" Ta koma bayan gida tana kuka. Sai ga Dila da wani zobe da ya tono a juji.

Ya ce, "'Yar Iya, zaren ne ya muzanta ki. Sa wannan, gobe su ne za su roƙe ki aro."

Yarinya dai yarinya ce. Ta cire zare, ta tura zobe. Kafin gari ya waye hanci ya kumbura kamar gauta, ido ɗaya ya rufe.

Iya ta ce, "Kin gani? Abin juji kika kai cikin ciwo! Zo nan, marar jin magana."

Tana faɗa tana cire zoben a hankali. Ta wanke, ta mayar da sabon zare. Jatau ya leƙo ta kan danga ya ce, "Sannu, mai zama a kan hannuwa." Tasalla ta yi dariya, dariyar ma da zafi.

Bayan kumburin ya saɓe, ta je itace. Tana sunkuyawa, ƙaya ta kama zaren. Ta fizge kai baya, ta ji kamar ranta zai fita. Sai ta tsaya, ta bi reshen da fuskarta a hankali. Zare ya yi sako-sako, ta zare ƙayar. Ta riƙe wannan a ranta.

Saura kwana uku wata ya tsaya, Dila ya ga nama na neman kuɓuce masa. Ya ce, "Tunda baki bai yi ba, haƙori zai yi."

Da hantsi Tasalla ta kai Jatau kiwo bakin kududdufi, ta matsa gefe tana yankan ciyawa. Sai Dila ya lallaɓo, ya cafke bakin igiyar da ke reto a hancin Jatau, ya ja. Kun san halin sa, in aka ja shi sai ya turje. Jatau ya kafe ƙafafu huɗu, igiya ta miƙe, ya yi wani irin kuka.

Tasalla ta yar da lauje ta ƙwala ihu, "Jatau, kada ka turje! Bi shi!"

Ya ce, "Da zafi!"

Ta ce, "Na sani, ni ma na ji irinsa! Bi shi, zai saki!"

Da wani ne ya faɗa, da bai yarda ba. Amma ya dubi zaren da ke hancinta, sai ya ɗaga ƙafa. Ya yi taku ɗaya, igiya ta yi sako-sako. Dila ya ja da baya, Jatau ya bi. Dila ya ƙara sauri, Jatau ya ƙara. Dila ya ɗaga ido, sai ya ga ƙaho biyu a kansa. Ya saki igiya zai gudu, ina! Jatau ya kwashe shi ya wurga tsakiyar kududdufi, tsundum. Ya fito ta wancan gefe, jiki duk taɓo, yana ɗingishi, bai ko waiwayo ba.

Tasalla ta ruga ta duba hancin. Ɗan jini ne kawai, bai yage ba. Ta rungume wuyan Jatau, a nan ne ta yi kukan da ba ta yi ba ranar huda.

Da wata ya tsaya, Baffa Sambo ya dawo. Ya juya igiya, ta juya. Ya juya zare, ya juya. Ya ce, "Madalla. Iya, mahauta su nemi nama a wani gidan." Ya ciro ɗan zoben azurfa tsarkakakke ya sa wa Tasalla.

Washegari aka ɗora wa Jatau tuluna huɗu. 'Yan matan da suka yi dariya suna tafe da tulu a ka, wuya na ciwo, Tasalla kuwa tana gaba hannu sake. Igiyar tana rataye a ƙahonsa, har ya tsufa ba ta taɓa jan ta ba. Inda ta sa ƙafa, nan yake sawa.

To, kun ji. Ciwo ba ya son gaggawa, abin da mai huda ya ce a yi, shi za a yi. Wanda ya zo yana ce muku ku sosa, ba lafiyarku yake nema ba. Ke mai taɓa kunne tun ɗazu, sauke hannunki, ina ganinki.

Ƙurunƙus, kan Dila cikin taɓo.