Ladabin Zumar Jatau

Wai wata rana Jatau mai zuma yana tsiyaya wa Hakimi zuma a ƙwarya, tana sauka siririya tana nannaɗewa kamar gammo.

Hakimi ya daka tsawa: "Wane rainin wayo ne wannan? Ta sauka a miƙe, ko in ƙwace amyoyinka kaf!"

Jatau ya ce, "An gama, ranka ya daɗe. Amma me maƙeri ya yi jiya aka zane shi?"

"Tsaya mini ya yi a miƙe, ba rusunawa."

"To, zumar nan tana ƙofar fada, a kan idonta aka yi. Shi ya sa ta naɗe ƙafa. In ta miƙe, wa za a zane, ni ko ita?"

Hakimi ya yi gyaran murya. "Ƙyale ta. Ta fi maƙeri tarbiyya."